Tof ɗaya ya tsage: wanne zan ɗora a kan injin DZ 302 ɗina?

MaiZ28 ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara huɗu ke nan ina fama da gyaran wata Chevrolet Camaro Z/28 ƙirar 1969, da kaɗan da kaɗan, duk lokacin da na samu sarari. Jikin motar ya kusa kammaluwa. Yanzu inji ne a kan teburi, na warware shi noti-noti, kuma a nan na ci karo da abin da ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in kawo gaban waɗanda suka riga ni shiga wannan harka.

Ga abin da ke hannuna. Ɗan farantin da Fisher Body, masu ƙera jikin motar, suke maƙalawa a bangon da ya raba inji da cikin mota yana ɗauke da 03C, wato sati na uku na watan Maris. A gaban bulok ta hannun dama, a ɗan dandamalin nan da ke leƙowa gaban tof silinda (ƙarfen da ke rufe saman silinda, mai ɗauke da bawul), an buga V0306DZ. A iya fahimtata V masana'antar haɗa injin Chevrolet ce da ke garin Flint, 0306 kuma 6 ga Maris, ranar da aka haɗa injin, DZ kuwa alamar injin 302 ne na Z/28 na wannan shekarar, wato mai girman inci kubik 302. Lambar zubin bulok 3956618, ranar zubinsa B 26 9, wato 26 ga Fabrairun 1969. Guntuwar lambar casis da aka buga a jikin bulok ɗin ta yi daidai da ta motar. Ke nan bulok nata ne na haihuwa, kuma saboda shi ma na sayi motar tun tana kan duwatsu ba taya.

Tof guda biyun duk lambarsu 3927186. Da na cire murfin bawul na goge tsakanin sandunan, na dama B 24 9 ne, na hagu B 25 9. Wallahi ranar da na ga waɗannan lambobi na daɗe a tsaye ina kallonsu. Ƙarfe uku da aka zuba kwana uku a jere, aka haɗa su inji guda, suka yi fiye da shekara hamsin ba su rabu ba.

To, da aka wanke su aka yi musu gwajin maganaɗisu da garin ƙarfe, sai ga tsaga a na hagu, siririya, tsakanin mazaunin bawul biyu na silinda ɗaya. Da ido ba ta ganuwa, amma garin ya bi ta ya zana layi sarai.

Na yi wata biyu ina cigiya, na samu guda biyu masu lamba 3927186. Na farko C 18 9, lafiyayye ƙalau, ba a taɓa goge fuskarsa ba. Na biyu K 21 8, an taɓa goge shi sau ɗaya, kuma hanyoyin bawul ɗinsa sun yi sako-sako. Zuciyata ta karkata ga C 18 9, don kwana goma sha biyu ne kacal tsakaninsa da ranar haɗa injin, shi kuwa ɗayan ya haura wata uku. Mai sayarwar ma cewa ya yi wa zai cire murfin bawul don ya duba?

Sai ƙananan tambayoyi biyu. Altanetar Delco-Remy ce, 1100837, an buga mata 8M16. Na ƙirga watanni daga A na tsaya a L, ban ga inda M ya fito ba. Ko ta bogi ce? Kafireta kuma Holley ce, 4053, da 3923289-DZ a jikinta, ƙarƙashinsu 932. In har na karanta daidai, sati na biyu na Maris 1969 ke nan, bayan an riga an haɗa injin. Ita ma in cire ta daga lissafi?

Ba sayar da motar zan yi ba. So nake in na ɗaga bonet in san abin da nake kallo gaskiya ne.

Tsohon Makanike ya amsa:

Wa'alaikumus salam. Ƙanena, sannu da ƙoƙari, kuma karatunka na lambobin bulok da farantin daidai ne.

Inda ka zame shi ne kana auna kusanci, alhali abin da ake fara dubawa shi ne wa ya riga wa. Ɗa ba ya riga ubansa zuwa duniya. An narka ƙarfe an zuba shi a masana'antar zubi ta garin Saginaw, ya huce, an kakkaɓe masa yashi, an kai shi Flint an sassaƙe shi, sannan aka haɗa inji aka buga masa V0306DZ. Daga nan aka loda shi zuwa inda ake haɗa motar. Tof ɗin da aka zuba 18 ga Maris yana cikin tukunyar narka ƙarfe a lokacin da injinka ya yi kwana goma sha biyu da barin layi. Ko da kwana ɗaya ne ya biyo baya, ba yadda za a yi ya kasance a kansa. K 21 8 kuwa, 21 ga Nuwamban 1968, mai yiwuwa ne ko da da nisa. Ta fuskar kwanan wata zalla, K 21 8 ya wuce, C 18 9 ya faɗi.

Amma kada ka ɗauki "ya wuce" a matsayin "haka aka saba". Za ka ji ana yawan ambaton wata shida. Wannan ya samo asali ne daga alƙalan ƙungiyar masu gyaran Corvette ta Amurka, NCRS, wadda aka kafa a 1974. Su kan karɓi kayan da kwanansu ya faɗo cikin wata shida kafin ranar haɗa motar. Ƙa'idar alƙalanci ce, an faɗaɗa ta don kada a zalunci motar da aka ɗauko mata kaya daga ƙasan kwando. Ba tana nufin masana'anta kan ajiye tof rabin shekara ba ne. Flint na haɗa injina ba dare ba rana, kaya ba sa zama. A injinan da na buɗe waɗanda hannu bai taɓa shiga ba, abin da na fi gani tsakanin zubi da haɗawa 'yan kwanaki ne zuwa 'yan satuttuka, kuma tof biyun kan zo kusa da juna, kamar dai naka. Wanda ya san abin, in ya ga B 24 9 a dama da K 21 8 a hagu, ba zai ce ƙarya ba ne, amma zai ɗaga gira.

Altanetarka lafiya lau take. Masu zubin Chevrolet suna tafiya daga A zuwa L ba tsallake, I shi ne Satumba. Delco-Remy kuwa suna tsallake harafin I don kada ya rikice da lamba 1, sai J ya zama Satumba, K Oktoba, L Nuwamba, M Disamba. Kuma su shekara suke fara sawa. 8M16 ke nan 16 ga Disamban 1968. Ka lura da tarkon da ke ciki: K a jikin tof Nuwamba ne, K a jikin kik ko distiributa Oktoba ne. Mutane da yawa sun sayi kayan da ba su dace ba saboda wannan harafi ɗaya.

Kafireta ma kada ka yi saurin jefar da ita. Ba duk abin da ke jikin inji ne aka ɗaura a Flint ba. Injin kan bar can da tof, manifol, famfon ruwa da distiributa. Kafireta, altaneta, kik da famfon fetur sai a masana'antar haɗa mota ake ɗaura su, Norwood ta jihar Ohio ko Van Nuys ta Kalifoniya. Saboda haka waɗannan da ranar motar ake auna su, ba da ranar injin ba. 932 sati na biyu ne, motarka sati na uku. Ya matse, amma yana kan hanya. Don gaba: a wannan tsari na Holley mai lamba uku, 0 a tsakiya Oktoba ne, A Nuwamba, B Disamba.

'Yar Mustang ta amsa:

Baba ya gama magana a kan jerin kwanaki, ni ƙari kawai zan yi, don na sha wannan wahala a ɓangaren Ford. Mu a can shekara ake fara rubutawa, sai harafin wata, sai rana, kuma ana tsallake I. Abin da Chevrolet zai zuba C 12 9, Ford 9C12 zai rubuta. Mu kuma mun ɗan samu sauƙi, domin motocin Ford daga 1967 ana iya neman rahoton Marti, wanda ake cirowa daga bayanan kamfanin, ya faɗa maka ainihin ranar da aka haɗa motar. Ku kuma kuna iya jingina da farantin jiki, da ɗan farantin garantin nan Protect-O-Plate in Allah ya sa bai ɓata ba. In kana da shi duba, lambar injin da motar ta zo da shi tana jiki.

Malam, abin da ya fi damuna a bayaninka ba kwanan wata ba ne. Ka auna bawul ɗin waɗannan tof biyun? Lambar zubi 3927186 ba ta Z/28 ce kaɗai ba. Zubi ɗaya ne, amma sassaƙa iri biyu aka yi masa. Wanda aka ɗora wa injin 350 mai ƙarfin doki 300 bawul ɗinsa inci 1.94 da 1.50 ne. Na 302 kuwa 2.02 da 1.60, kuma masana'anta ta ɗan yanke bangon ɗakin ƙonewa a gefen babban bawul don iska ta samu hanya. Masu ƙaramin bawul sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma shekaru da dama mutane na faɗaɗa mazauninsu su sa manyan bawul su sayar da sunan na Z/28. Kifa tof ɗinka na dama a kan teburi, ka kifa waɗancan kusa da shi, ka kwatanta wannan yankan. Kwanan wata na iya dacewa tsaf alhali tof ɗin bai taɓa hawa 302 ba.

Sannan ka riƙa tuna shekarar lamba ɗaya ce tak. Bulok mai lamba 3970010 ya fara fitowa a 1969, aka ci gaba da zuba shi har ƙarshen shekarun 1970, don haka 9 a jikinsa na iya zama 1969, na iya zama 1979. Naka 3956618 ba shi da wannan matsalar, na faɗa ne saboda masu karantawa. Kuma Camaro ta 1969 shekararta ta yi tsawo, an ci gaba da haɗa ta har Nuwamban 1969, ke nan wasu watannin sun zo sau biyu a cikin ƙira ɗaya.

In ka zo kan akwatin giyar motar ma akwai nata. Giya ƙirar Muncie harufan watanninta daban ne: bayan E na Mayu sai H Yuni, K Yuli, M Agusta, P Satumba, R Oktoba, S Nuwamba, T Disamba. Lambar shekarar da ke jikinta kuma ta ƙirar mota ce, ba ta kalanda ba. Giyar da aka haɗa a Oktoban 1968 za ka gan ta da 9.

Direban Asabar ya amsa:

Ɗan'uwa, ni ra'ayina ya ɗan saɓa, a yi mini haƙuri. Injin nan an yi shi ne don tseren Trans-Am, inda doka ta hana girman inji ya wuce inci kubik 305, aka haɗa faɗin silinda inci 4 da tafiyar fistin inci 3, matsi 11 da 1. Inji ne mai son a taka shi. Harafin da ke ƙarƙashin murfin bawul ba ya riƙe ruwa, ba ya riƙe matsi. In tuƙawa za ka yi, lafiyar ƙarfe ita ce gaba, kuma a cikin biyun da ka lissafa C 18 9 ne lafiyayye.

Amma me ya sa kake maganar tof ɗinka na hagu kamar ya mutu? Tsaga tsakanin mazaunin bawul ana ɗinke ta. Ana huda 'yan ramuka a bin layin, a murɗa ƙusoshi masu tsini suna hawa kan juna, a goge, sannan a sa sababbin zoben mazauni masu tauri, waɗanda dama za ka buƙata tunda fetur na yanzu ba dalma a ciki. Ba a sa wuta, ƙarfen ba ya murɗewa. Ba kowace tsaga ke ɗinkuwa ba, in ta gangara can cikin hanyar ruwa inda hannu ba ya kaiwa sai haƙuri. Amma kafin ka nemi baƙo ka fara tabbatarwa ɗan gida ya gaza. Duk duniya babu wani B 25 9 da ya zauna a kan wannan bulok sai shi.

Abin da ya sa ma na shigo shi ne in roƙe ka abu ɗaya. Kada ka bar bulok ɗin a wurin masu gogewa ba tare da ka tsaya a kansu ba. Ni abin ya faru da ni. Na kai nawa a faɗaɗa silinda, ban ce a taɓa fuskarsa ba. Mai aikin ya ga fuskar ta ɗan karkace, ya ga kamar alheri zai yi mini, ya bi ta da injin gogewa daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Dandamalin lambar ai a fuska ɗaya yake da inda tof ke zama. Da na je ɗauka sai na tarar da wurin sumul kamar madubi. Na zauna a bakin ƙofar wurin na kasa magana. Abin da ya tafi bai kai kaurin takarda biyu ba, amma shi ne kaɗai shaidar da ke haɗa injin da motar.

Daga baya wani ya ce zai sake buga mini lambobin, yana da irin harufan. Na ƙi. Na san bulok ɗin na motar ne, amma ranar da na bar duniya motar ta shiga hannun wani, bugun nan zai yi magana da muryar masana'anta alhali hannun wani ne. Z/28 20,302 aka yi a 1969, kuma kowa a harkar nan ya san yadda ake mayar da bulok ɗin 350 ya koma DZ da guduma. Ban so tawa ta shiga wannan sahu. Kuma masu ido suna ganewa: asalin dandamali yana da siraran layuka miƙaƙƙu daga gaba zuwa baya, sawun injin da ya sassaƙe shi a masana'anta, injin gogewa kuwa sawunsa zagaye yake bari. Ko a zamanin garanti, in aka canza wa mutum bulok, sabon da harufan CE, alamar bulok na canji, yake zuwa a jikinsa, ba a kwaikwayon lambar tsohon.

Ka ɗauki hoton dandamalin da haske ta gefe yadda layukan za su fito. In dole sai an goge fuskar, akwai masu iya tsayar da injin kafin ya kai wurin. Ka tambaya, ka ji amsa da kunnenka kafin ka sauke bulok daga mota.

MaiZ28 ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, ku duka ukun. Kwana biyar na yi ban dawo ba saboda ina son in zo da abin da na gani da idona.

Baba, na fahimta, kuma na ji nauyin yadda na riƙa ƙirga kwana goma sha biyu ban tambayi kaina ta wane ɓangare suke ba. Na zana layi a takarda na jera komai a kai, zubi, haɗa inji, haɗa mota. Na koma kan distiributa, 1111480 ce, 9B17, ta faɗo gaban 6 ga Maris yadda ya kamata. Altaneta da kafireta sun koma cikin kwalin kayan da za a gyara a mayar.

Yaya, maganarki ce ta juya al'amarin gaba ɗaya. Na roƙi masu tof biyun suka bar ni na auna. K 21 8 bawul ɗinsa 2.02 ne, amma da na kifa shi kusa da nawa sai ga bangon ɗakin a cike, babu yankan nan ko alama, gefen bawul ɗin ya kusa taɓa bango. Mazaunin ma sabon yanka ne. Na 350 ne aka faɗaɗa. Ban ce mai shi ya sani ba, ya ce haka shi ma ya saye shi, kuma na yarda da shi. C 18 9 kuwa yankansa iri ɗaya ne sak da nawa. Wato wanda kwanansa ya dace ba irin nawa ba ne, wanda yake irin nawa kwanansa bai dace ba. Da na bi lamba kaɗai da na ɗora wa injin tof biyu masu numfashi daban.

Ga shawarar da na yanke. Na kai B 25 9 wurin mai ɗinkin ƙarfe. Ya duba ya ce tsagar gajeriya ce, a ganinsa ba ta gangara ba, amma ba zai yi alkawari ba sai ya cire tsohon mazauni ya ga ƙarshenta. C 18 9 kuma na saye shi na ajiye. In ɗinkin ya riƙe, shi ke nan, ya zauna a kan kanta. In bai riƙe ba zan ɗora shi, in rubuta a littafin motar cewa tof na hagu ba nata ba ne, an zuba shi bayan haɗa injin, tsohon kuma yana nan a naɗe cikin mai zai bi motar duk inda ta je.

Ɗan'uwa Direba, labarinka ya sa na fasa aika bulok ɗin ranar da na yi niyya. Na ɗauki hoto goma sha huɗu na dandamalin, layukan sun fito raɗau. Na ɗora ma'auni a fuskar, karkatar da ke akwai kaɗan ce ƙwarai, mai yiwuwa ma ba sai an goge ba.

Saura tambaya ɗaya. Bayan ɗinki, gwajin matsi a sanyi ya wadatar, ko in nemi a yi shi tof ɗin na da zafi?

Tsohon Makanike ya amsa:

A yi duka biyun, ƙanena. A toshe hanyoyin ruwa, a hura iska, a nutsa shi cikin ruwa a ga ko kumfa zai tashi. Sannan a maimaita cikin ruwan zafi, don akwai tsagar da ba ta buɗe baki sai ƙarfe ya ɗumama. Kuma a yi gwajin bayan an sa sababbin zoben mazauni, ba kafin ba, domin matse zoben da ake yi shi kansa yana iya jan tsagar ta ƙara gaba. In ka je karɓa, ka tafi da na daman a auna zurfin ɗakunan ƙonewa na duka biyun, kada a goge ɗaya a bar ɗaya.